Kada Mu Bar Ruwanmu a Bakin Mashaidi Ɗaya

Maganar da nake so mu duba a wannan fili namu ta shafi ruwa ne da sababbin na'urorin da ake ɗora wa aikin lura da shi, kuma ina roƙon kada wani ya ce wannan zancen injiniyoyi ne ya juya shafi, domin ranar da abin ya ɓaci, manomi da matar da ta tashi da asuba ɗiban ruwa su ne za su fara ji a jikinsu.

Mu mutanen arewacin Kano, daga Dawakin Tofa zuwa Bichi da Bagwai da Tsanyawa da Kunchi, har Dambatta da Makoda da Minjibir, mun san yadda ƙasarmu take. Gona ce ke jingine da gona, babu saura babu daji, an yi ta rabon gado har wata gonar ba ta ciyar da gida wata shida. Damina kuwa in ta yi wata huɗu sai mu gode wa Allah. Abin da ya rufa wa gidaje da yawa asiri shi ne noman rani da ruwan da aka tare a madatsu, irin su Watari da ke Bagwai, da Tomas ta wajen Dambatta, da Gari, da Jakara, ban da manyan da ke kudu da yamma, wato Tiga wadda aka gama cikin 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, da Challawa wadda aka gama cikin 1992. Sa'an nan ga rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana waɗanda suka bazu cikin ƙauyukanmu, wasu na gwamnati, wasu na ƙungiyoyi, wasu kuma ikkilisiyoyi ne suka haƙa. Ruwan nan shi ne tumatir da albasa da shinkafa da alkama, shi ne kuɗin makarantar yara, shi ne kuma baikon da ake kawowa sujada.

Yadda muka saba shi ne, ma'aikaci ne ke zuwa da ƙafarsa ya duba tsayin ruwa a jikin ma'aunin da aka kafa, ya rubuta cikin littafi, ya juya ƙarfe da hannunsa ƙofar ruwa ta buɗe ko ta rufe. To, amma yawancin sababbin ayyukan ruwa da lantarki da gas da ake yi a duniya yau ba haka suke zuwa ba. Akan dasa ƙananan na'urorin awo ne a wurare dabam dabam, wata cikin tanki, wata a jikin bututu, wata a bakin madatsa, wata a cikin ƙasar gona, kowace da ɗan batirinta, ba waya ba igiya, tana aika abin da ta auna ta iska kamar yadda rediyo ko wayar hannu ke yi. Wasu ma junansu suke miƙa wa saƙon, wannan ta ba waccan, har ya isa wurin wata kwamfuta. Kwamfutar ce kuma za ta yanke hukunci, ta ce wa famfo ya tashi ko ya tsaya, ta ce wa ƙofa ta buɗe, ta ƙara ko ta rage maganin da ake zuba wa ruwan sha. Wannan tsari na lura da injuna daga nesa shi injiniyoyi ke kira SCADA, kuma da irinsa ake lura da manyan layukan lantarki da dogayen bututun gas, kamar wanda aka ƙaddamar da aikinsa cikin 2020 daga Ajaokuta ya bi ta Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614.

Kada a ɗauka ina kushe wannan ci gaba ne. Rijiyar da ta lalace a ƙauye takan yi watanni kafin labari ya kai ofis, amma na'ura za ta faɗa a ranar. Haka nan madatsar da ruwa ya yi wa yawa cikin dare, na'ura ba ta gyangyaɗi. Dattawanmu ba su manta da ɓallewar madatsar Bagauda cikin Agusta 1988 ba, kuma dukanmu mun ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri cikin Satumba 2024. Duk abin da zai ba mutane gargaɗi da wuri alheri ne daga wurin Allah, wanda ya ba ɗan adam basira. Abin da nake cewa shi ne, wannan na'ura mashaidi ce, wato tana faɗin abin da ta gani ne a wurin da babu kowa, ana kuma yin aiki bisa maganarta. Duk wanda ya iya kwaikwayon muryarta ya mallaki ruwan gari ke nan, ba tare da ya taka bakin madatsa ba.

Kwaikwayon nan kuwa ba shi da wuya kamar yadda ake zato, gama iska ba ta da ƙofa. Saƙon da ya bi waya, sai mutum ya je ya taɓa wayar kafin ya ji shi, amma wanda ya bi iska, duk mai na'urar da ta dace yana iya saurarensa daga bayan danga. Yana iya cika iskar da hayaniya saƙon ya kāsa isa, yana iya ɗaukar saƙon jiya wanda ya ce tanki ya cika ya maimaita shi yau alhali tanki ya bushe, yana kuma iya ƙirƙiro umarni kamar daga ofis ya fito. Bugu da ƙari, na'urorin nan ƙanana ne, an yi su don su yi arha su kuma daɗe a kan batir ɗaya, saboda haka ba dukansu ke da ƙarfin ɓoye saƙo yadda ya kamata ba. Ga su kuma a fili cikin gona, inda mutum zai iya cire ɗaya ya tafi da ita ya buɗe cikinta a tsanake.

Wannan ba tatsuniya ba ce, ya faru. A gundumar Maroochy ta ƙasar Ostareliya, cikin shekara ta 2000, akwai tashoshin famfon ƙazantar gari 142 da ake sarrafawa ta rediyo. Wani mutum da ya yi aiki a kamfanin da ya kafa na'urorin ya bar aikin cikin ɓacin rai, ya nemi aiki a hukumar gundumar ba a ɗauke shi ba. Sai ya ɗora kwamfuta da rediyon da ya ɗauke daga wurin aiki cikin motarsa, yana yawo yana aika umarnin ƙarya. Ya yi haka fiye da sau 40 tsakanin Fabrairu da Afrilu, famfuna suna tsayawa ba dalili, ƙararrawar gargaɗi ba ta kaɗawa, har ƙazanta kimanin lita 800,000 ta malala cikin rafi da wuraren shaƙatawa. Ma'aikata sun daɗe suna zaton injin ne ya lalace. Daga baya 'yan sanda suka kama shi da kayan cikin mota, aka ɗaure shi shekara 2. Hausawa suka ce da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan mutum bai fasa kwado ko ɗaya ba, makullin da ba a karɓe daga hannunsa ba ne ya yi aiki da shi.

Wani lokaci ma ba a bukatar ɗan gari, sakaci kawai ya isa. Cikin Nuwamba 2023 masu kutse sun shiga na'urar wata tashar famfon ruwa a garin Aliquippa na Amurka. Irin wannan na'ura takan fito daga masana'anta da lambar sirri 1111, kuma hukumomin Amurka sai da suka fito suna roƙon masu ita su canja lambar, domin da yawa sun bar ta yadda ta zo. Cikin Afrilu 2025 kuma, a Bremanger ta ƙasar Norwe, wasu sun shiga na'urar wata madatsa ta intanet saboda raunin lambar sirrinta, suka buɗe bawul, ruwa kimanin lita 500 cikin kowace daƙiƙa ya yi ta zuba har awa 4 kafin a rufe. In ka lissafa, ya haura lita miliyan 7, wato jarka mai lita 25 har 288,000. A can ƙasar ruwa ce, ba wanda ya ji ciwo. Amma a ɗauko wannan a ajiye shi a nan cikin watan Maris, lokacin da alkama ke bukatar ban ruwa na ƙarshe, ruwan madatsa kuma ya ja baya, sa'an nan a ga ko wasa ne.

Akwai misalai biyu kuma da ya kamata a ajiye kusa da juna. Cikin 2010 aka gano wata manhajar ɓarna mai suna Stuxnet wadda aka shirya don injunan nukiliyar Iran a Natanz. Cikin dabarunta har da naɗar awon lokacin da komai ke lafiya, ta riƙa nuna shi ga masu lura yayinda ɓarna ke gudana a ciki. Masu tsaro suna zaune a kan aikinsu, idonsu biyu, amma allon da suke kallo ƙarya yake faɗa musu. Ranar 23 ga Disamba 2015 kuma, masu kutse suka kashe wa gidaje da ma'aikatu kimanin 225,000 wuta a Yukren cikin tsananin sanyi. Abin da ya maido da wutar cikin 'yan sa'o'i shi ne ma'aikata sun shiga mota sun je tashoshin sun kunna da hannu. A Aliquippa ma haka aka yi, aka kashe na'urar aka koma aikin hannu, ruwa bai yanke ba. Ashe inda aka bar wa mutum ido da hannu cikin aikin, nan ne ake samun mafita.

Na san wani zai ce, wa zai bar manyan biranen duniya ya zo neman tankin ƙauyenmu? Amsa ta fari ita ce, masu kutse da yawa ba gari suke zaɓa ba, intanet suke bi suna taɓa kowace ƙofa kamar ɓarawon da ke bin layi da dare, wadda ya tarar a buɗe ita ce tasa, ko a Norwe take ko a Makoda. Amsa ta biyu ta fi wannan kusa da mu. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san rigimar da ke tsakanin na bakin magudana da na ƙarshenta, ya san yadda akan tashi da dare a toshe wa wani ruwa a juya shi gonar wani. Yau mai yin haka sai ya fito da fartanya, ana kuma iya ganin sawunsa da safe. In ƙofar ruwa ta koma cikin wayar hannu, mai kuɗi zai iya sayen lambar sirri daga yaron ɗan kwangila ya yi abin da yake so daga kan gadonsa, talaka kuma in ya kai ƙara a ce masa ai kwamfuta ta nuna an ba shi ruwansa.

A nan ne Littafi Mai Tsarki yake da abin koya mana. Cikin Maimaitawar Shari'a sura 19, shari'ar Musa ta hana a yanke wa mutum hukunci a bakin mashaidi ɗaya, sai biyu ko uku. Idan ran mutum ɗaya ya cancanci wannan kariya, ina ga ruwan da dubban rayuka suka dogara a kansa? Amma mu tuna kuma da labarin Nabot cikin 1 Sarakuna sura 21. Shaidu biyu ne suka tsaya a kansa, adadin ya cika, amma dukansu umarnin Yezebel suke bi, aka kashe shi aka ƙwace gonar gādonsa. Saboda haka shaidu biyu da suka fito daga hannu ɗaya, mashaidi ɗaya ne. Na'urori goma da suke aika saƙo ta hanya ɗaya, da lambar sirri ɗaya, zuwa kwamfuta ɗaya, wanda ya kama hanyar ya kama su duka. Mashaidi na biyu na gaskiya shi ne wanda ba ya bin wannan hanyar, wato ma'aunin da aka zana a jikin kankare, da mutumin da zai je ya tsaya a gabansa ya karanta ya rubuta da biro. Gani ya kori ji.

Ita na'urar ma ana iya koya mata gane muryar ƙarya, kuma shaidar wannan tana cikin gidajen da ke da mitar lantarki ta kati a Bichi ko Dambatta ko birni. Lambobi 20 da kake saye ka shigar, in ka sāke shigar da su mita ba za ta karɓa ba, in ka kai su mitar maƙwabci ita ma ba za ta karɓa ba, domin an ƙulle su da makullin da ya dace da mitarka kaɗai, kuma a cikinsu akwai alamar lokacin da aka fitar da su. Wannan alamar lokaci mintoci take ƙirgawa tun daga 1 ga Janairu 1993, ƙirgar kuma ta cika ranar 24 ga Nuwamba 2024, shi ya sa KEDCO da sauran kamfanoni suka ba mutane wasu lambobi na musamman don a canja makullin mita kafin ranar. To, in an iya yi wa wutar naira dubu irin wannan tsaro, babu hujjar da za a kafa na'urar da ke buɗe ruwan gari a bar ta tana karɓar umarni daga duk wanda ya yi mata magana.

Doka ma ta san da wannan. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara cikin 2024, ta ba Shugaban Ƙasa ikon ayyana na'urorin da rayuwar ƙasa ta dogara a kansu don a ba su kariya ta musamman, manufar tsaron intanet ta ƙasa ta 2021 kuma ta lissafa ruwa da lantarki da noma cikin fannoni 13 masu muhimmanci. Amma takarda a Abuja ba za ta canja lambar sirri a Bagwai ba. Don haka ina kira ga hukumar ruwa ta jiha da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ƙananan hukumominmu, duk kwangilar da za ta zo da irin waɗannan na'urori a rubuta a cikinta cewa saƙonsu zai zama a ƙulle, za a canja lambar masana'anta ran da aka kafa su, ba za a bar su a buɗe ga intanet ba, za a kuma miƙa wa hukuma makullan gaba ɗaya maimakon su zauna cikin wayar ɗan kwangila. A kuma bar hanyar buɗewa da rufewa da hannu, a riƙa gwada ta kada ta yi tsatsa, kada kuma a sallami tsofaffin ma'aikatan da suka san ƙarar famfo mai lafiya da marar lafiya don an sayo kwamfuta.

Mu ma a ikkilisiya akwai namu. Kwamitin rijiya ko na ɗakin shan magani, in wata ƙungiya ta kawo muku famfon sola mai layin waya a ciki, ko firjin allurar rigakafi mai aika awon sanyinsa, ku yi godiya, sa'an nan ku yi tambaya ba tare da kunya ba. Wa ke iya kashe famfon nan daga nesa? Mutum nawa suka san lambar? In layin waya ya ɗauke, yaya za mu tayar da shi da kanmu? A rubuta amsar cikin littafin kwamiti. Ran da wani ya sauka daga kwamiti ko aka yi masa canjin wuri, a canja lambar kamar yadda ake karɓar makullin sito, wannan ba zargi ba ne, tsari ne. Firjin allura kuma, wanda dole sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, a ci gaba da duba ma'aunin cikinsa safe da yamma ana rubutawa ko da na'ura tana cewa lafiya. Sarki Hezekiya, da ya ji Sennakerib na Assuriya na zuwa, bai tsaya ga addu'a kaɗai ba, ya toshe maɓuɓɓugan da ke bayan ganuwa ya janyo ruwan Gihon ta ƙarƙashin dutse zuwa cikin Urushalima, ramin nan mai tsawon fiye da mita 500 yana nan har yau. Amma shi ɗin ne kuma daga baya ya zagaya da baƙin Babila ya nuna musu dukan taskokinsa, annabi Ishaya ya tsawata masa. Mutum yana iya gina katanga mai kyau ya kuma ba da asirinta da bakinsa, kamar wanda ya rubuta lambar sirri a jikin akwatin famfo, ko ya tura ta cikin zauren WhatsApp mai mutum ɗari.

Ina da magana biyu kuma, ɗaya ga masu ɗaukar ma'aikata, ɗaya ga samarinmu. Mai gadin da ake bin sa albashin wata biyar, da mai gyaran da aka sallama ba haƙƙinsa, sun zama ƙofar da aka bari a buɗe, ko da su kansu ba su yi niyyar mugunta ba, gama yunwa mugun mashawarci ce. Biyan ma'aikaci a kan kari umarnin Allah ne, a nan kuma ya zama wani ɓangare na tsaron ruwa. Ku kuma samari masu basirar waya da kwamfuta, ga aikin da ƙasarku ke bukata. Ku koyi kafa waɗannan na'urori da tsare su, domin gari ya samu nasa wanda zai kira cikin dare. In kuwa wani ya ba ka kuɗi ka taɓa awon ruwa ko na wuta, ka sani shaidar zur ka bayar, doka ta tara cikin Dokoki Goma kuma ba ta ware wanda ya yi ƙaryar da yatsa ba.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu Musulmi, magudana ɗaya ke shayar da gonakinmu da nasu, makiyayi ma nan yake kawo shanunsa. Mun sani sarai cewa in ruwa ya yanke ko ya gurɓata ba a san dalili ba, jita-jita ce ke cike gurbin, kuma marasa rinjaye a gari su ne sukan fara shan zargi. Littafin awo da aka rubuta da hannu, wanda mai unguwa da liman da dattijon ikkilisiya za su iya buɗewa tare su duba, yana iya kashe wutar da ba a san inda za ta tsaya ba. Saboda haka mu kai wannan magana gaban dagatai da ƙungiyoyin masu noman rani da kansilolinmu tun yanzu, tun ana shawara, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Mu karɓi na'ura da hannu biyu, amma kada mu yarda ta zama ita kaɗai ce mai shaida a kan ruwanmu.

Allah ya ba shugabanninmu hikima, ya sa mu zama amintattu cikin abin da aka danƙa mana, ya kuma albarkaci gonakinmu da ruwanmu. Amin.